Rabin Allo

Shagon Lurwanu, Ƙofar Ƙaura.
Allo ɗaya aka tsaga gida biyu,
sama naka, ƙasa nawa.
Awa ɗari uku, in janareta bai yi tari ba.

Kai ne mai bindigar hangen nesa, Haliru,
mai laɓewa kamar kyanwa a bakin rumbu.
Ni kuwa akuya ce ta hango dusa.
"Nafi'u, dakata!"
Ina, na riga na faɗi,
rabona na allo ya koma ruwan zoɓo.
Sai ka rarrafo ta bayan motar da ta ƙone,
ka danne maɓalli da babban yatsa,
na miƙe ko ƙura ban kakkaɓe ba.

Gadar nan ta mataki na tara,
sau goma sha ɗaya tana cinye mu.
Ran da muka haye
ka yi tsalle har ka shure kunun ayar Lurwanu,
ni na biya.

Saura mataki ɗaya sunanka ya fito.
Suka yi maka aski ƙwal a Zariya,
suka ba ka ta gaske, mai nauyi.

Jiya an haɗa ni da wani yaro.
Ya fi ka saiti, wallahi.
Amma da na faɗi, ko waiwaye.

Dajin da za su tura ka,
wa ke danna maɓallin a can?

Na ce da Lurwanu
kada ya kuskura ya goge inda muka tsaya.