Ba Fatar Zan Saya Ba

Tsohuwar kwamfutata ta cika daren Laraba,
saura kashi bakwai bidiyon ya fita.
Fankarta ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe,
allo ya yi shuɗi, ya yi baƙi,
na zauna ina kallon fuskata a cikinsa.

Awa goma sha ɗaya na ɗauko a Ajiwa:
Malam Ɗanjuma cikin kwamin albasa, laka har ƙauri,
yana bayanin yadda ruwa ba ya son mai gaggawa.
Ƙungiyarsu ta biya rabi.
Asabar suke jira.

Na kwashi adashina,
yayata Ladidi ta ɗora ribar awararta,
ta ce, "Bashi ne fa, Sagir, ba sadaka ba."
Na tari Napep zuwa Ƙofar Ƙaura.

Shagon farko, yaro ya zaro wata siririya,
fara sol, ko ƙuda ya sauka sai ya zame.
"Yallaɓai, allonta ma yatsa yake ji."
Na ce, ram ɗinta nawa?
"Takwas. A manne take, ba a ƙari."
Katin hoto fa?
Sai ya tsaya yana nazarin silin.
Na ce, ƙanena, wannan ta shiga taro ce,
a buɗe a gaban jama'a, a rufe.
Ni jaki nake nema,
wanda za a labta wa mangala bai durƙusa ba.

Can lungu, inda ƙaurin dalma ke tashi,
Tanimu mai gyara, tabarau ɗaure da zare,
bai ma ɗago ba ya ce, "Ka zo da aikinka?
To kada ka tambaye ni. Tambaye ta."

Ya jawo wata baƙa daga ƙarƙashin benci,
ta hannu ce, mai nauyin turmi,
murfinta da tabo kamar an ja ta a ƙasa.
Ram talatin da biyu,
katin hotonta daban, da ƙwaƙwalwarsa,
fanka biyu, ma'ajiya mai sauri,
ga gurbin wata in na yi arziki.

Na jona faifaina.
Na jera Malam Ɗanjuma hawa uku,
na zuba masa launi, na ɗora rubutu,
na danna, na ce bismillah.
Tanimu ya aika a karɓo mana shayi.
Na kara tafina a bakin iskarta:
da ɗumi, amma ba zazzaɓi ba.
Ana tsakiya aka ɗauke wuta,
duk layin ya yi tsaki lokaci guda,
ita ko gezau.
Kafin kofina ya huce ta ce ta gama.

Sai ciniki.
Ya yanka, na ce albarka ta wajena,
na nuna masa maɓallin Q da ya ɓalle.
Ya ce, "Kai da Hausa kake aiki,
yaushe rabonka da shi?"
Muka yi dariya. Duk da haka ya rage dubu biyar,
ya rubuta mini wata guda a bayan rasit:
in ta yi tari, in dawo da ita.

A gida Ladidi ta leƙa jakar,
"Wannan mummunar ce ta cinye awarata?"
Ban tanka ba. Na kunna.

Malam Ɗanjuma ya taka kunya ba ya tsalle-tsalle,
bakinsa da muryarsa suka tafi tare,
ruwa ya bi kwami, santala,
har ana ganin ɗan kwaɗon da ban lura da shi ba ran nan.

Ta daɗe a tsaye, hannu a ƙugu.
Ta ce, "Mayar da wurin kwaɗon."
Na mayar.
Ta ce, "Ƙarshen wata dai, Sagir."