Layin Teku

Ƙarfe huɗu na yamma, duhu ya riga ya rufe Tallinn.
Piret na zaune a hawa na uku,
ita da kwamfuta da shayin da ya huce tun rana.

Fim ɗinta minti huɗu ne kacal:
wani tsoho, kwalekwale, sai teku.
Wata biyar tana gina su a cikin na'ura,
suka fito sumul kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare.
Malam Vahtra ya kalla sau biyu, ya zare tabarau.
Ya ce, "Ban ga aibu ko ɗaya ba.
To ina hannunki?"

Sai ta shiga ɓata abin da ta gyara.

Hotuna ashirin da huɗu ke gilmawa a daƙiƙa guda.
Ta zare rabi,
tsohon ya soma takawa da ɗingishi
kamar 'yar tsana mai ciwon gwiwa.
Takardar da aka naɗo mata baƙin burodi
ta cukuikuye, ta ware, ta ɗauki hotonta,
ta mai da ita sararin sama,
har da tabon maiƙo a kusurwa.
Ta sayo yumɓu na yuro biyu,
ta danna babban yatsa,
ta kwashi zanen yatsan ta liƙa a kumatun tsohon,
a ƙeyarsa, a gefen kwalekwale.
Fitilar ƙarya ma ta ɗan gusar da ita
kamar wani ya yi tuntuɓe da waya.

Saura layin teku.
Ta ce wa na'ura, yi rawa.
Na'ura ta yi, amma faretin soja:
hagu, dama, hagu, dama,
ko kuskurenta a kan ƙa'ida yake.
Kwana tara suna wannan ja-in-ja.

Ran Asabar ta hau bas zuwa Haapsalu,
gidan kakanta Endel,
wanda ya yi shekara arba'in yana jan koma,
yanzu kuwa ba ya shan miya a gaban baƙi.
Hannayensa ƙarƙashin tebur suke wuni.

Ta tura masa takarda da guntun gawayi.
"Kaka, ja mini layi ɗaya,
inda ruwa ya haɗu da sama."
Ya ce hannun ya daina jin magana.
Ta ce, "Shi na zo nema."
Ya harare ta har agogon bango ya ji kunya,
sannan ya ja.
Ya sake. Takarda sittin da ɗaya,
ba biyu da suka yi kama.
Ɗaya ta yage, ta haɗa har da ita.

Ranar nuni, ɗaki ya cika da jiƙaƙƙun riguna.
Teku ya fito a bango yana makyarkyata.
Da aka kunna wuta wani ɗan aji ɗaya ya ɗaga hannu,
wai yumɓu kilo nawa ta ƙarar?
Ta ce, "Na yuro biyu."
Aka yi dariya, an ɗauka raha ce.

Endel a waya ya kalla, a kicin,
ya jingina ta da kwalbar gishiri don kada ya riƙe.
Bai ce ya gane hannunsa ba.
Ya matso da ido, ya daɗe yana duban ruwan.
Ya ce, "Wannan ba ranar fita ba ce.
Ki ce wa tsohon nan ya juya gida."