Littafin Guzuri

A ƙasan adaka, ƙarƙashin rigar da ta yi mini kaɗan,
Hinda ta tono littafin.
Bangonsa ya sha baƙin mai,
gara ta cinye shekarar, ta bar mana lissafi.

Tana karantawa tana dariya:
"Kuɗin mota, Maraɗi zuwa Agadas, jikka biyu.
Ƙuli-ƙuli, dala goma.
Salka, aro.
Goron direba huɗu, ɗaya ya ruɓe."

Haka muka tashi, ni da Barmo,
daga bakin kasuwa, bisa buhunan gero,
ba wanda ya aike mu.
Mun ji an ce a Azbin akwai dutse mai zubar da ruwa,
muka ce gani ya kori ji.
Shirinmu duka yini guda:
wani Buzu mai gishirin Bilma
ya share ƙasa da tafin hannu,
ya zana mana rijiyoyi bakwai da tsinke,
ya ce mu haddace kafin akuya ta taka.

A shafi na tara biro ya karɓi fensir.
Zamanin Nasara masu Fijo ke nan,
su keto hamada, fuska ja kamar barkono,
su sayar da motar, su koma gida ta sama.
Ni ke kwanciya ƙarƙashin injinsu a Sabon Gari,
ladana kujerar baya in wasu sun nufi arewa.
Na ga Arli, na ga Durku,
ban biya ko tamma ba, sai fatar hannu.

Sannan sefa ta karye dare ɗaya.
Muka kwana da jikka, muka tashi da rabinta.
Hanya ta haifi shingaye,
kowane shinge da bakinsa a buɗe.
Aka ce ba wucewa sai da rakiyar soja,
rana kaza, ƙarfe kaza.
Daga nan kuɗin takardu suka cika shafi,
abinci ya koma gefe, da ƙananan baƙaƙe.

Yanzu Hinda ke son zuwa.
Wata uku tana shiri cikin salula:
taswira mai magana,
hoton gadon da za ta kwana a kai,
lambar jagora, da lambar wanda zai tsaya wa jagoran,
izini, inshora, allura.
Ta nuna mini jimilla.
Na ce, "Da wannan na sayi filin nan, har da rijiyarsa."
Ta ce, "Kaka, ku kun more, kun tarar da duniya da araha."

Na karɓi littafin, ban tanka ba.
Akwai kwana biyu da ban rubuta ba,
tsakanin rijiya ta biyar da ta bakwai.
Ta shida mun same ta, yashi har baki.
Mun tace ruwan lagireto da rawani, mun sha tsatsa.
Barmo ya kwana yana hira da uwarsa
wadda muka binne tun muna yara.
Ya dawo Maraɗi da ƙafarsa,
amma ƙodarsa ta zauna can.
Damina uku ya ƙara.
Wannan ba shi da layi a lissafi,
ban san gefen da ake sa shi ba.

Don haka ban ce zamaninmu ya fi ba.
Na ce ta biya jagora, ta biya na bayansa,
ta ƙara jarka biyu kan abin da salula ta faɗa.

Da la'asar, a tsakar gida,
na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinke.
Ta fari, ta biyu, ta uku.
A ta huɗu hannuna ya tsaya,
sunan ya gudu kamar zomo.
Hinda ta leƙa hasken da ke tafinta, ta faɗe shi.
Ba haka Buzun ya furta ba,
amma ita ce.

Shafi goma sha ɗaya suka rage farare.
Na miƙa mata, na feƙe fensir.