Launin da Babu Shi a Kasuwa

Sati uku ke nan gidanmu na Tudun Wada
ba mai kwanciya da wuri.
Bikin Kubura saura wata biyu,
har yau ba a tsai da launi ba.

Ƙawayenta sun ce ruwan hoda.
Gwaggo Tasalla ta taɓe baki:
"Hoda ta yara ce. A yi ruwan hanta,
ko miya ta zuba ba mai ganewa."
Dangin ango daga Kawo sun aiko da ƙyalle ruwan zuma,
wai hulunan mazansu tuni suna wurin ɗinki.
Shamwilu mai ƙawata zaure
ya zo da littafin ƙyallaye ɗari da ashirin,
kowanne da sunan da ba ya zama a baki.
Baba ya sa tabarau, ya duba, ya sake dubawa,
ya ce, "Ni fa duk ja nake gani,"
ya ɗau buta ya yi masallaci.

Ni ce babba, lissafi a hannuna yake:
yadi nawa, kujera nawa, labule nawa,
wa zai iya anko,
wa zai ji nauyin cewa ba shi da hali.
Leshin da ke ƙyalli a gaban shago
kuɗinsa buhun shinkafa biyu.
Na tuna Lantana mai awara a bakin layi,
ita ta goya Kubura shekarar da muka rasa Inna.
In aka ce leshi,
daga bakin ƙofa za ta yi Allah-sanya-alheri ta juya.

Amarya dai ba ta ce uffan ba.
Daren Laraba, an ɗauke wuta,
na same ta durƙushe gaban akwatin Inna,
fitilar waya a haƙoranta.
Ta zaro zanen nan na zuwa unguwa,
shekara goma sha tara yana ninke, yana ƙanshin kafur.
Da can shuɗi ne, in ji Gwaggo.
Sabulu ya ci rabonsa, rana ta ci nata,
abin da ya rage ba shuɗi ba, ba toka ba.
Ta ce, "Yaya, wannan."

Da safe muka shiga Babbar Kasuwa,
layin 'yan atamfa, layin 'yan shadda,
azahar ta same mu a Kasuwar Barci.
Wannan ya yi duhu. Wannan ya yi omo.
Wannan ya kusa, amma yana da surutu.
Wani dattijo ya murza bakin zanen da yatsa biyu,
ya kai shi hasken ƙofa, ya ce,
"'Yata, ba kamfani ya yi wannan ba,
wanki ne ya yi shi.
Ku nemi ƙanensa ku yi haƙuri."

Ƙanen muka saya,
atamfa mai sauƙi, shuɗi mai sanyi.
Lantana ta karɓi nata, ta biya sau uku.
Ruwan zumar 'yan Kawo ya hau kai ya zama ɗankwali.
Shamwilu ya yi gunaguninsa ya rataya farin labule.
Gwaggo ta ga ruwan hantarta a furen roba kan tebur,
ba ta gode ba,
ba ta kuma ce a cire ba.

Ranar biki, a zauren Unguwar Rimi,
mata suka cika wurin kamar sama bayan an sha ruwa.
Zanen Inna yana can ƙarƙashin kayan amarya,
ni na ɗaura mata, ni kaɗai na sani.

Da dare ta durƙusa gaban Baba don sallama,
bakin zanen ya leƙo, bai fi tafin hannu ba.
Baba ya fara nasiha, ya tsaya.
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga,
ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, "Wannan kam ba ja ba ne.
Wannan na san shi."