Na Uku a Katanga

Shekara tara ke nan, Barau,
amma duk sanda na zauna wurin mai shayin Kwangila
sai hannuna ya shiga tsintar marafan kwalba.
Wannan ni ne. Wannan Ilu. Wannan Sambo.
Wannan dogon nan ɗan Giwa da ba ya dariya.
Mu huɗu a katanga, hannu a mara.
Ƙwayar sukari ce ƙwallo.
Matso da kofinka, shi ne ragarmu.

Ɗaya da ɗaya. Kunnen doki ya ishe mu,
mu 'yan Kongo masu haddar doka.
Marka ta mai da filin Samaru kunu,
safa ta yi nauyi, numfashi ya yi tsada,
alƙali ya duba agogo sau biyu,
usur a leɓensa kamar tsinken sakace.
Bugun tazara guda ya rage wa injiniyoyi,
daga shi sai mu hau bas da kofi.

Sai Tanimu da Jatau suka tsaya kan ƙwallo.
"Ni zan buga!"
"Da wace ƙafar?"
Ƙirji ya daki ƙirji.
Tanimu ya ce, "Biya ni ɗari bakwai ɗina tukun, matsiyaci!"
Fili ya fashe da shewa,
har mai gyaɗa ta ajiye farantinta.
Ya yi tsaki, ya juya, yana yarfa hannu,
ya bi ta gefen katangarmu
kamar mai neman hanyar gida.

Duba nan. A nan aka ci mu,
ba a raga ba.
Na sauke hannuna.
Na juya wuya don in ƙarasa kallon faɗa.
Ilu yana dariya har da riƙe ciki.
Dogon nan kaɗai ya ce, "Ƙarya ne!"
amma kafin kalmar ta gama fita
Jatau ya gangara ta da gefen ƙafa,
sannu, kamar mai miƙa goro,
mai fushi ya waiwayo ba fushi a fuskarsa.
Ko ƙarfi bai sa ba.
Ta shiga kamar baƙon da ya san ɗakin.

Daƙiƙa huɗu. Na ƙirga su a aji,
na ƙirga su a layin wanka.
Wasu sun ce laifin Mati gola ne, ya bar sandarsa.
Wasu sun ce ba a busa ba.
An busa, Barau. Na ji da kunnena,
sai dai kunnen yana wurin ɗari bakwai.
Na bi dokokin wasa shafi shafi
ban ga inda aka hana mutum aron fushi ba.

Daga baya muka ji labari:
mako uku suna bita a bakin Kubanni bayan la'asar,
ba bugun ba, zagin.
Har ɗan sashen wasan kwaikwayo suka ɗauko
ya koya musu inda ake sa tsaki.
Kuma bashin gaskiya ne.
Shi ya sa ta zauna.
Ƙaryar da ba ta da gishirin gaskiya
ko yaro ba ta kayarwa.

Yau ina sa baƙar riga, ina tsayawa gaban alƙali na gaske.
Na ga shaidu suna kuka da ido ɗaya,
na ga masu rantsuwa har jijiyar wuya,
ba wanda ya kamo ƙafar Tanimu.
In biyu suka kaure a gabana
ba na kallon baki,
ƙasa nake dubawa, ina ƙwallon take.

To kalli: in na matsa da marfin nan taku ɗaya hagu,
taku ɗaya tak,
ka ga ta dake ni a ƙwauri, ta koma.
Kullum a teburin nan ina tare ta.

Mai shayi ya ce a ba shi kofinsa.
Tururuwa sun tafi da ƙwallon.