Tambaya ta Bakwai

A Ben Tre, ranar jarrabawa,
ruwan sama na dukan kwanon rufi.
Tambaya ta bakwai ta ce:
kwalekwale ɗauke da kwakwa ɗari uku
yana cin kilomita shida a awa,
kasuwa na nisan kilomita tara.
Awa nawa kafin ya isa?

Yara suka raba tara gida shida,
suka wuce abinsu.

Quyen ta ciji gindin biro.
Ta san kogin nan kamar yunwar cikinta:
in teku ya tumbatsa, ruwa kan juyo baya,
in wata ya tsaya, laka kan riƙe jirgi,
kuma ɗanyar kwakwa
ba nauyinta ɗaya da busasshiya ba.

Ta rubuta awa ɗaya da rabi.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
"In ruwa ya yarda.
Babana bai taɓa isa haka ba."

Da dare Malam Khiem ya ɗaga jan biro.
Takardar amsoshi ba ta san wata ba.
Ya ba ta makinta biyu cif,
ya leƙa taga.
Kogi na tafiya da baya.
Gobe shi ma zai makara.