Madubin Babur

A madubin babur na fara ganinsu,
wata Laraba, ina jiran fasinja a Mabera,
gumi na bin ƙeyata.
Uku a goshi, daidai inda hula ke zama,
ɗaya a haɓa, ja, mai zafin tsinken tsire.

Kafin sati sun gayyato dangi.
Wasu da farin kai kamar ƙwayar gero,
wasu baƙin ɗigo a gefen hanci.
Na ɗauka dauɗa ce, na yi ta dirza da soso
har fuskar ta koma jar fatar majema.

Kowa likita ne in ciwon ba nasa ba ne.
Modi ya ce man goge baki,
mai shayi ya ce lemun tsami da toka,
wani ya ce aure, aka kwashe da dariya.
Ni kuwa dare ya yi, sai matsa da farce,
wanda na matse duk ya bar mini tabo.

Inna Luba, ƙanwar babana,
shekara ashirin tana aikin jinya,
ta kama haɓata, ta juya ni wajen haske.
"Mi kaka yi ma kanka haka, Sanda?
Baƙin nan ba dauɗa ba ce,
maiƙo ne ya toshe ƙofar gashi, iska ta rina shi.
Ƙuruciya ce, lokacinsu ne.
Sauke hannunka, shi ne farkon magani.
Wanke fuska safe da dare,
sabulu marar ƙamshi, tafin hannu ya isa.
Hular nan ta ga ruwa, rigar matashi ma.
Man bilicin kuwa, ko kyauta."

Ta rubuta sunan wani mai a bayan katin waya.
"Kaɗan, da dare. Zai busar da fata, kada ka razana.
Ba shi sati takwas,
albasa ba ta yin kai ran da aka dasa ta.
In suka yi zurfi, suka kumbura, suna zogi,
sai likitan fata, ni zan raka ka."

Sati uku, shiru.
Saura ƙiris in koma wajen Modi.

Yau goshina ya kwanta kamar Rima bayan damina.
Tabo biyu suka rage a kumatu,
aikin farcena ne, na san su.
Har yanzu in danja ta tsayar da ni,
hannu kan tashi da kansa ya nufi haɓa,
sai in ji muryarta,
in mayar da shi kan totur.